Adashi ko wakafi? Abin da ya kamata ƙungiya ta sani kafin ta nemi zama ta agaji



Duk inda Hausawa suka yi zango a kudu, ba a rasa ƙungiya. Akwai ta masu shanu, ta masu albasa, ta 'yan acaba, ta 'yan gari ɗaya, har da ta samarin da ke buga ƙwallo da yamma. Kuma da ƙungiya ta fara ƙarfi, kuɗi suka ɗan taru a asusu, sai ka ji wani ya miƙe a wajen taro ya ce, "Mu yi rajista mana mu zama ƙungiyar agaji, ba ruwanmu da haraji, kuma masu ba da tallafi su san da zamanmu." Maganar tana da daɗin ji. Sai dai akwai abin da ke cikinta wanda ba kowa ke faɗa ba, shi ne dalilin wannan rubutu.

Ni ɗan Jos ne. Mahaifina fataucin shanu yake yi, daga karar Bukuru ake loda masa zuwa kudu, wasunku ma wataƙila kun taɓa sauke kayansa. Ina cikin wata ƙungiya ta matasa masu hawan keke, mu ashirin da 'yan kai, kuma ni ke riƙe da littafin kuɗi. Da wannan magana ta rajista ta taso a wurinmu, ni aka ɗora wa aikin bin diddiginta. Abin da na samo ya shafi kowace ƙungiya, ko ta keke ce ko ta kanwa.

Me ya kai masu keke neman rajista?

Wanda ya san Jos ya san garin tudu ne, ya kai wajen mita 1,200 sama da teku, ga sanyi ga hawa da gangara. Mai keke a nan ba ya rasa inda zai gwada ƙwanjinsa, ko ta wajen duwatsun Shere, ko hanyar Rayfield, ko ya miƙa har Vom. Tun 2012 aka hana acaba a cikin Jos da Bukuru, sannan da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya sa mutane da yawa suka jawo tsofaffin kekunansu daga lungu suka kai wa mai faci.

Mu da farko motsa jiki ne kawai ranar Asabar da safe. Kowa na zuba wani abu duk wata. In kacar wani ta tsinke ko tayarsa ta fashe, a saya masa daga asusu. In wani ya faɗi ya ji ciwo, a biya kuɗin magani. Daga baya muka fara koya wa yaran unguwa hawa da gyara, muna kuma harhaɗa tsofaffin kekuna muna ba 'yan makarantar da gidansu ke da nisa. Wani abin da ya fi mini daɗi, a cikinmu akwai ɗan Unguwar Rogo, akwai ɗan Tudun Wada, akwai Musulmi akwai Kirista. Wanda ya ga rikicin 2001 da na 2008 da na 2010, ya san yadda unguwanni suka rabu, ya san ba ƙaramin abu ba ne samari su ratsa su tare a jere.

To sai wani mai hali ya ce zai ba mu kekuna da kuɗin gyara, amma ba zai tura kuɗi asusun mutum ɗaya ba, sai asusu mai sunan ƙungiya. Banki kuwa ba ya buɗe irin wannan asusu sai da takardar rajista. Nan maganar ta samo asali.

Yadda ta kaya da masu keken Ingila

Ba mu ne farkon masu keke da suka shiga wannan hali ba. A Birtaniya akwai wata tsohuwar ƙungiya da aka kafa a garin Harrogate a 1878, wadda daga 1883 ake kiranta Cyclists' Touring Club, ko CTC a taƙaice. Membobinta sun kai wajen dubu 70. Mutum na biyan kuɗin shekara, a ba shi inshora ko da zai buge wani, da lauya in mota ta kaɗe shi, da mujallar ƙungiya. Ban da wannan, tana yi wa duk masu keke fafutuka. Da ƙoƙarinta ne dokar 1888 ta amince cewa keke abin hawa ne mai haƙƙi a kan titi kamar keken doki.

Shugabanninta suka ga ya dace ta koma ƙungiyar jinƙai gaba ɗaya. Babban abin da ya ja su shi ne wani tsari na can, inda duk fam ɗaya da mai biyan haraji ya ba ƙungiyar jinƙai, gwamnati ke ƙara mata kashi 25 cikin ɗari a kai. Ka lissafa wannan a kan mutum dubu 70, ka ga ba kuɗin wasa ba ne. Dama dokar 2006 ta can ta sa bunƙasa wasannin da ba na neman kuɗi ba cikin ayyukan da ake ɗauka na jinƙai.

Amma wasu membobi suka ce ba su yarda ba. Hujjarsu ita ce, yau ƙungiyar tamu ce, shugabanni mu suke yi wa aiki. Gobe in ta zama ta jinƙai, amintattunta jama'ar ƙasa za su yi wa aiki, dukiyar da aka tara sama da shekara ɗari kuma ta fita daga hannunmu, ba ta dawowa. Daga 2010 aka shiga jefa ƙuri'a, ba sau ɗaya ba, har masu son sauyin suka yi rinjaye.

Sai ga wani cikas daga waje. A 2011 hukumar da ke kula da ƙungiyoyin jinƙai ta Ingila ta ƙi karɓar takardarsu. Matsalar ita ce manufofin da suka rubuta ba duka ne na amfanin jama'a zalla ba, akwai waɗanda amfaninsu a kan membobi yake tsayawa. Sai da suka koma suka gyara tsarin mulkinsu, sannan aka yi musu rajista a 2012. A 2016 suka sauya suna zuwa Cycling UK.

Ku duba fa, ƙungiya mai shekara 130 da 'yan kai, mai lauyoyi da ma'aikata, tambaya ɗaya ce ta tsayar da ita: wa ke cin moriyar kuɗin nan, ku ko jama'a?

Bambancin da muka sani tun a gida

Mu Hausawa ba sai an kawo mana misali daga Turai ba. Mun san adashi, mun san wakafi. A adashi, ka zuba, in kwasarka ta zo ka kwashe, kuɗinka ne, in ka mutu magadanka su karɓa. Wakafi kuwa, tun daga gonar da Sayyidina Umar ya samu a Khaibar, hukuncinsa sananne ne: ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa. Wanda ya haƙa rijiya ya yi wakafinta zai iya shan ruwanta kamar kowa, amma ba zai dawo bayan shekara biyar ya ce a biya shi ba.

Yawancin ƙungiyoyinmu adashi ne da aka yi wa ado. Ana zubi don in ɗan ƙungiya ya yi haihuwa, ko aka yi masa rasuwa, ko 'yan sanda suka kama shi, ko za a kai gawa gida arewa, a samu abin taimaka masa. Wannan abu ne mai kyau, shi ke riƙe da baƙo a garin da ba nasa ba. Amma taimakon juna ne. Rajistar da ake cewa a je a yi kuwa, ta fi kusa da wakafi.

Abin da dokar Nijeriya ta ce

Abu na farko, a Nijeriya babu hukuma ta musamman irin ta Ingila da za ta ba ka shaidar cewa kai ƙungiyar jinƙai ce. Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, CAC, ita ke yi wa ƙungiyoyi rajista a ƙarƙashin dokar CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta 2020. Ɓangaren da ya shafe mu ya fara daga sashe na 823, kuma rajistar amintattu ake yi. Ma'ana, ƙungiya ta zaɓi mutum biyu ko fiye, su ne doka za ta sani a madadinta. Masallatai da coci-coci da ƙungiyoyin al'adu da na wasanni da na agaji duk ta wannan ƙofa suke shiga.

Takardar da wasu ke karɓowa daga ƙaramar hukuma ko ma'aikatar matasa ta jiha tana da amfaninta, tana nuna hukuma ta san da ku. Sai dai ba ita ke mayar da ƙungiya mai iya mallakar fili da sunanta ko shigar da ƙara da sunanta ba. Wannan sai ta CAC.

Ga yadda ake bi. A nemi amincewar suna tukuna. A rubuta tsarin mulkin ƙungiya, a bayyana manufofinta. A yi taro a zaɓi amintattu, a rubuta abin da aka tattauna. Ba a sa yaro, ko mai taɓin hankali, ko wanda kotu ta ayyana ya karye da bashi bai farfaɗo ba, ko wanda aka samu da laifin zamba cikin shekara biyar da suka wuce. Sannan a buga sanarwa a jaridu biyu, ɗaya ta zama ta ƙasa, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Kamar dai cinikin sa a kara ne, ba a kulle shi a ɓoye, sai da shaidu, don kar gobe wani ya zo ya ce nasa ne. In ba wanda ya yi magana, a ba ku satifiket.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Daga ranar da aka ba ku takardar nan, doka ta ce kuɗin ƙungiya da dukiyarta a kan manufofin da kuka rubuta kawai za a kashe su. Ba a raba riba, ba a raba rara ga membobi ta kowace fuska. Wanda ke cikin kwamitin gudanarwa ba ya ɗaukar albashi, sai dai a mayar masa da abin da ya kashe daga aljihunsa wajen aikin ƙungiya. In kuma aka rushe ƙungiyar, bayan an biya basussuka, abin da ya rage ba a kasafta shi tsakaninku. Wata ƙungiya mai irin manufarku ake miƙa wa.

Ku ɗauka ƙungiyar masu shanu ce ta tara kuɗi shekara goma ta sayi fili da tirela da sunanta. Ran da aka ɓata, wanda ya fi kowa zubi ba shi da ko taya ɗaya. Mutane da yawa ba su san da wannan ba sai rigima ta kai su kotu.

Akwai kuma ɗawainiyar da ba ta ƙarewa. Duk shekara sai an kai wa CAC rahoto da bayanin kuɗi, in an yi jinkiri akwai tara. Sauya amintacce ma ba a baki ake yi ba, sai an koma hukumar. Bankuna da yawa kan nemi takardar SCUML, wani sashe ne a ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram. Sashe na 839, wanda ya yi maganar dakatar da amintattu a naɗa masu riƙo in an samu almundahana, ya tayar da ƙura a 2020, ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi tir da shi, har maganar ta je gaban kotu. Ko ba komai, wannan ya nuna cewa mai rajista ya shigo inda idon hukuma ke ganinsa.

Maganar haraji

Satifiket ɗin CAC ba takardar yafe haraji ba ce. Wannan hurumin hukumar haraji ne, wadda aka sani da FIRS, kuma sababbin dokokin da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 suka sauya mata suna zuwa NRS. Ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce, ana yafe wa ƙungiyar addini ko ta ilimi ko ta jinƙai haraji in aikinta na amfanin jama'a ne, kuma in kuɗin ba daga kasuwanci suka fito ba.

Misali daga wurinmu. In wani ya ba mu kyautar kuɗi muka sayi kekuna muka raba wa 'yan makaranta, babu haraji a kai. In muka buɗe shago a Terminus muna sayar da taya da birki da hular kwano muna cin riba, ribar nan ta kasuwanci ce, ana iya neman haraji a kanta ko da sunan ƙungiya ne a jikin allon. In muka ɗauki makanike muna biyansa albashi, harajin albashinsa yana wuyanmu mu cire mu kai in ya kai mizani. Kuma ko ba a bin ku ko kwabo, sai kun mallaki lambar haraji kuna kai bayani.

Shi kuma tallafin da ake hange, takarda ba ta jawo shi. Masu ba da tallafi suna duba aikin da aka riga aka yi, da littafin kuɗi, da rasit. Ƙungiyoyi nawa ne ke da satifiket a rataye a bango, ba wanda ya taɓa ba su ko sisi?

To ina mafita?

A wurinmu an rabu biyu, kusan yadda aka rabu a Ingila. Wasu suka ce su don a gyara musu keke in ya lalace suke zubi, ba za su zuba kuɗin guminsu a inda ba su da iko da shi ba. Wallahi ban ga laifinsu ba, yawancinmu masu ƙaramin ƙarfi ne, akwai tela, akwai mai gyaran waya, akwai mai tura baro a Farin Gada. Wasu kuma suka ce aikin yara shi ne abin da za a tuna mu da shi, kuma ba zai girma ba muddin kuɗin na kwana a asusun mutum ɗaya.

Shawarar da na kai gaban taro ita ce a raba tukunya biyu. Zubin wata-wata ya tsaya a matsayinsa na taimakon juna. In ma ana son a ba shi rajista, akwai hanyar da ta dace da shi, wato ƙungiyar gama-kai, wadda ake yi wa rajista a ofishin kula da gama-kai na jiha. Ita doka ta yarda membobi su yi ajiya, su ci bashi, su raba rara a ƙarshen shekara. Aikin koyar da yara da raba kekuna kuwa, shi za a kai CAC da amintattunsa da asusunsa daban, kuma duk wanda ya sa kuɗi a ciki ya san sadaka ya yi. Su ma CTC haka suka zauna na wasu shekaru, kulob a gefe guda, reshen jinƙai a gefe guda, kafin su haɗe.

Wannan hanya tana da nata nauyi. Littafi biyu ne, taro biyu, kuma dole a samu masu riƙon da ba za su ɗebi na nan su toshe ramin can ba. Amma ta fi a cakuɗa, ran da mai tallafi ya zo duba littafi ya tarar an sayi ragon sunan ɗan ƙungiya da kuɗin kekunan yara.

Ga masu shirin yin rajista a can kudu, ga abin da zan ce. Kafin a ba lauya ko wakili ko naira ɗaya, a tara kowa a karanta masa da Hausa cewa abin da ya shiga ba ya dawowa, kowa ya ji da kunnensa. A rubuta manufofin da ake aikatawa da gaske, kar a kwafo na wata ƙungiya don sun yi daɗin karantawa, domin da su za a kama ku gobe. Wajen zaɓen amintattu, a duba wanda zai zauna. Mu mutanen tafiya ne, yau mutum yana Legas, gobe ya koma Illela ko Potiskum ya yi noma, sai a wayi gari ana neman sa hannunsa ba a san inda yake ba. Kar kuma a cika su daga gida ɗaya ko gari ɗaya don ganin ido. In akwai Sarkin Hausawa ko Sarkin Shanu da ake jin maganarsa, a sanar da shi tun da wuri, ko da ba zai shiga ciki ba. Sannan fili ko mota da aka saya da kuɗin zubi, a yi shawara sosai kafin a rubuta su da sunan amintattu.

Mu dai a Jos an tsayar da cewa za a kaɗa ƙuri'a bayan kowa ya je ya yi tunani, kuma mai halin nan ya ce zai jira. Kekuna bakwai da muka harhaɗa suna nan a shagon telanmu, za a raba su in an koma makaranta, da takarda ko babu. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya tsare mu a hanya, ya kai kowa gida lafiya.